Ɗauko Rubutun Shehu daga Yagwa

Garwa

Ana sallame Asuba na rataya jaka sai tasha. Dattawan zawiyarmu ne suka aike ni Yagwa in karɓo rubutun farko na littafin marigayi Shehunmu, Malam Hamadu, kan tarbiyyar zuciya, wanda ya yi da hannunsa tun yana saurayi. Rubutun yana wurin ƙanwarsa Goggo Dudu, ita kuwa ta aiko cewa ɗakinta na yoyo, ga damina ta kawo kai.

Figil

A nan muka karya da shayi da burodi, mota kuma ta ƙi tashi. Direba ya ga ina jan carbi, ya ce, "Malam, addu'ar ta isa haka, sauko a yi turi."

Yagwa

Goggo ba ta bari na yi maganar littafi ba sai da na cinye shinkafa da kifin kogin Logon. Sannan ta jawo gafaka daga ƙarƙashin gado. Takardun sun yi ja, ko'ina gyara da soke-soke.

Na ce, "Goggo, wannan tabon fa? Hawaye ne?"

Ta ce, "Wane hawaye! Man ƙosai ne. Yaya ba ya rubutu sai da kwano a gefe."

Hanyar dawowa

Shekarun tashin hankalin kan iyaka ne, ko'ina shinge. Kafin Figil wani jandarma ya buɗe gafakar, ya ga ajami, ya ɗaure fuska. A lokacin kuwa takarda irin wannan in an karɓe ta, ta tafi ke nan.

Da Hausar kasuwa ya ce, "Karanta mini nan."

Na karanta. Shehu ya rubuta, "Na rabu da son duniya." Ya soke. Ya rubuta, "Na kusa rabuwa da son duniya." Ya sake sokewa. A ƙasa ya sa, "Ya Allah, ka dai san halina."

Jandarman ya tuntsire da dariya. "Wannan mutum mai gaskiya ne. Ko a cocinmu na faɗi haka, za a ce amin." Da kansa ya ɗaure gafakar ya miƙo mini.

Garwa

Na iso washegari da La'asar sakaliya. Dattawa suka yi ta juya shafukan har Magariba, daga ƙarshe Liman ya ce a buga littafin yadda yake, kada a goge ko layi ɗaya da Shehu ya soke. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Goggo, da jandarman nan da ban tambayi sunansa ba.