Bututun da ya ratsa gonar Baba

Jiya babur ɗina ya yi faci a wani ƙauye kan hanyar Baure. Ina jiran mai gyara, ƙishi ya dame ni, sai na roƙi ruwa wurin wani dattijo da ke zaune bakin gonarsa.

Ya miƙo mini gora. Ruwan jawur, duk laka. Haka na daure na sha.

Can na lura ashe kan wani ƙaton bututu yake zaune, wanda zaizayar ƙasa ta tone.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Ruwanku ne na birni, ɗana. Da za a binne shi gerona aka tuge, aka ce mu ma za a sa mana famfo."

"To ina famfon?"

Ya yi dariya. "Iyalina har yau tafki suke zuwa. Amma in an sako ruwa bututun kan yi sanyi, sai in zo in zauna. Rabonmu ke nan."

Har na iso Daura ina juya maganar. Wai wa ke yanke inda ruwa zai tsaya da inda zai wuce? Wanda ya sani, don Allah ya fahimtar da ni.