Dattijo Silvanus da Motar Afiniki Mai Fito

Kafin jirgin ƙasa na safe ya yi kuka a tashar Kafanchan, Dattijo Silvanus ya riga ya share gindin mangwaron da yake kira gareji, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga babba zuwa ƙarami. Sai ya cire hula ya roƙi Ubangiji ya ba shi haƙuri da masu mota, don su motocin, in ji shi, ba su da wata fitina. Haka muka san shi tun kafin yaƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye sifana, ido ya fara gajiya. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da mutanen unguwarmu suka gani, ni ma ina cikinsu.

Mijin Mama Afiniki ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, da tsohuwar uwarsa, da wata mota da ya saya hannun Baturen da zai koma gida. Afiniki ta koyi tuƙi, ta riƙa kai citta kasuwa, da haka gidan yake ci. Motar kafireto biyu gare ta, wato abin da ke gauraya wa inji mai da iska. Ɗaya ya mutu, aka nemi irinsa har Jos da Kaduna, babu. Kowa ya ce ta sayar wa maƙera. Silvanus ya ce a'a, tunda ɗaya na da rai, shi zai ciyar da injin duka. Ya samo guntayen bututu, ya kai wa mai walda, suka haɗa su kamar gwafa, ya ɗora kafireton a kai.

Mota ta tashi, amma da fito ta tashi. Fito siriri mai shiga haƙori, har karnukan gari suka ɗauka su ake kira, suka riƙa raka ta kasuwa. Silo kuwa, wato inji ya riƙa juyawa a hankali, babu: ko ta yi ta ruri kamar za ta tashi sama, ko ta mutu murus. Ranar da ta mutu a kan layin dogo da buhunan citta, 'yan Zumuntar Mata ne da ke dawowa daga koyon waƙa suka ɗaure zani suka ture ta, suna ta kiran sunan Yesu.

Afiniki ta iso gareji ta tsaya gaban Silvanus. "Baba, motan nan ya so ya kashe ni. In ba zai yiwu ba, gaya mini in fara ɗaukan citta a kai."

Da wani makaniken ne, da sai ya ce man gidan mai ne ba kyau. Silvanus ya ce, "'Yata, aikin hannuna ne. Iska yana shiga ta ɓarauniyar hanya. Inji yana so ya sha iska ta bakin kafireto kaɗai, gauraye da mai. In wani ya kutso ta gefe, sai abin ya tsinke kamar kunun da aka ƙara wa ruwa saboda baƙi. Bar mini shi."

Ya sa tiyo a kunne yana bin bututun, ƙarar fanka ta hana shi ji. Sai ya yanke shawarar a kashe inji, a toshe bakin kafireto da tsumma, a hura hayaƙi ciki, duk inda ya fito nan ɓarakar take. To, hayaƙin wa? Silvanus, dattijon ikilisiya guda, wanda bai taɓa sa taba a baki ba, ya je teburin mai kanti ya sayi kwalin sigari. Kafin ya tsallako titi, labari ya kai wa Fasto Alexander.

Fasto ya zo da dattawa biyu, fuska a murtuke. Suka tarar da shi bayan mangwaro, idanu jajir, yana tari kamar ransa zai fita, ga kara a hannu.

"Dattijo! Mene ne wannan?"

"Ba ni ba ne, Fasto," ya ce da ƙyar. "Mota ne zai sha."

Kaka Tagwai, surukar Afiniki, wadda lofenta na shan taba ba ya mutuwa kuma Fasto ya gaji da yi mata wa'azi a kansa, tana cikin 'yan kallo, ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ku matsa, yara," ta ce. Ta zuƙa, ta kama tiyo, ta hura. Sai ga hayaƙi yana silalowa ta bakin haɗin, ta wata 'yar huda a jikin waldar, da ta wani tsohon rami da aka manta ba a toshe ba. Wanda ya fi kowa ihu Fasto ne. "Ga shi can! Ga wani! Kaka, ƙara hurawa!" Shi ya karɓi alli yana zana wuraren.

Silvanus ya kwance gwafar. Zafin walda ya lanƙwasa bakinta, don haka ya shimfiɗa takarda mai yashi a kan gilashi, ya yi ta goga har bakin ya kwanta daidai. Ya yanka sabon gaskit na liƙe bakin haɗin, aka cike hudar, ya toshe ramin, ya ɗaure notuna a hankali, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Da aka murza makulli, inji ya yi lamo kamar kyanwa a cinya. Afiniki ta zauna a kan buhu ta yi kuka. Fasto ya ce an rufe maganar taba, amma a miƙo ragowar kwalin. Aka duba, Kaka ta riga ta ƙulle shi a bakin zani.

Dattijo, kai ne wanda aikinsa ya dawo masa da ƙorafi bai ɓuya ba, bai ɗora wa wani ba. Ka sa mutuncinka na coci a kan layi don marayu su ci abinci. Gwanin gindin mangwaro, mun gode. Matasan da ke buɗe gareji yanzu, ku koyi wannan kafin ku koyi ɗaure noti.

Ran Lahadi za a yi masa sujadar godiya, ku zo mu cika majami'a. Amma don Allah, wanda motarsa ba ta da lafiya ya bar ta a gida. Na san mutumin, da fararen kayansa zai shige ƙarƙashinta.