Bakin Sarauniyar Zannis

Shekara arba'in da biyar Zannis yana sassaƙa farin dutse a tsibirin Tinos, kuma duk na kabari: gicciye, kurciya, sunan mamaci. Sai da likita ya ce masa jijiyar idonsa na mutuwa, da ƙyar zai kai bikin Ista yana gani, sannan gidan wasan kwaikwayon garin ya tuna da shi. Wai ya sassaƙa musu sarauniyar wani tsohon wasa, wadda yaƙi ya cinye 'ya'yanta kaf. Kai, duniya! Aikin da ya jira duk rayuwarsa ya zo, ido kuma na shirin tafiya.

Ya duƙufa haiƙan. Wata huɗu ya gama jiki, ya hau fuska, ya huda mata baki wangame, tana kurma ihu.

Matarsa Marigo ta kawo masa burodi da zaitun, ta tsaya ta ƙare wa aikin kallo.

"Wannan kuma me ta gani, tsoho? Ɓera?"

"Ke! 'Ya'yanta fa aka kashe."

"To wallahi ka cuce ta. Ranar da teku ta ci Nikitas ɗinmu, ka ji na buɗe baki?"

Ina zai sani? A ranar guduwa ya yi shagonsa, ya kwana ashirin yana sassaƙa wa yaron dutsen kabari, don kada su haɗa ido da ita. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Dutse ba yumɓu ba ne, abin da ka cire ya ciru. In zai rufe bakin nan, sai ya aske fuskar gaba ɗaya ya fitar da sabuwa daga ciki, kuma kaurin da ya rage na gwaji ɗaya ne tak. Ga Ista saura mako shida.

"Zauna, don Allah," ya ce. "Ba na ganinki sosai."

Ta zauna a kan buhu. Ya ɗora hannuwansa masu ƙura a fuskarta yana lalube, goshi, kunci, har muƙamuƙi. Ya ji shi a ɗaure tamau, haƙora a cije.

"Saki mana, uwar Nikitas, ban ce ki fara gwada min ba tukuna."

"Ba gwadawa nake ba, Zannis. Shekara goma sha tara ke nan haka yake."