Lomar Farko ta Kaka Ce

Ka san 'yar rawar nan da firigo ke yi idan kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, kafin ƙuginsa ya daidaita? Har yau in na ji ta sai Kaka ta faɗo mini a rai. Za ka ce me ya haɗa tsohuwa da firigo. To, saurara.

A gidanmu na Agadas, lomar farko ta Kaka ce, mahaifiyar babanmu. Duk abin da ya kwana ko ya wuni a rufe sai an kai gabanta: ɗumamen shinkafa, nonon da Buzaye suka kawo daga daji, har salatin lambunan garin Tabelot in an zuba masa ƙwai. Sai ta ci loma, ta sha ludayi guda, ta ce a rufe a jira. Mu kuwa cikinmu na kiran ciroma, mun zuba wa kwano ido. Ni ne maigidanta na wasa, saboda haka ni kaɗai ke iya ce mata makwaɗaiciya a gaban mutane. Sai ta yi dariya ta ce, "Miji marowaci, ko loma ɗaya ba ka bar wa matarka?" Na daɗe ina zaton kwaɗayin ne da gaske.

A bazarar da aka haifi ƙanwata Baba ya yi cinikin albasa mai kyau, ya sayo firigo. Mun wuni muna buɗe shi muna tura kai ciki don sanyi. Ana gobe suna ya kawo kayan cikin saniya daga kasuwa saboda baƙin da za su yi sammako. Da can, nama irin wannan soya shi ake yi ƙayau, ko a ci shi a ranar. Amma yanzu ai akwai firigo. Goggo, ƙanwar Baba, ta yi farfesu, ta tura tukunyar ciki da ɗuminta. Da la'asar kuran ya tafi, a irin zafin nan da bango ke ƙona tafin hannu, bai dawo ba sai gab da asuba. Da gari ya waye tukunya ta yi sanyi ƙalau, babu wari, babu kumfa. Ba wanda ya tuna tsawon lokacin da ta yi a rufe cikin zafi.

Goggo ta ɗumama, ƙamshin masoro da kanumfari ya cika gida. Kaka ta ce a kawo. Baba ya rage murya ya ce, "Inna, wannan fa a firigo ya kwana."

"Firigon ne zai ci, ko jikokina?" in ji ta.

Ta ci tumbi, ta sha romo, ta mai da marufi ta ajiye tukunyar gefen tabarmarta. Ta ce sai hantsi ya dubi ludayi. Baƙi sun cika zaure, an raɗa suna, Baba na kai da kawowa da fura da dabino da cuku, cikin kunyar rashin farfesun. Ni kuwa na lallaɓa na ɗaga marufin, na sa hannu. Sai na ji ludayi a bayan hannuna, ƙwas! Kaka ba ta taɓa duka na ba sai ran nan. Na koma bayan randa ina kuka ina jin haushinta.

Azahar ba ta yi ba amai ya kece mata. Na ga gumi na tsiyaya daga goshinta, idanunta sun faɗa, leɓenta ya bushe, tana murƙususu riƙe da ciki. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Maƙwabcinmu ya kawo mota. Ana cicciɓar ta, matar nan da ke tsince ƙwayar gero in ta faɗi ƙasa, da ke cewa zubar da abinci butulci ne, ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna tukunyar.

"Ku haƙa rami ku binne. Ko kare kada ya lasa."

Ta yi kwanaki a likita ana ƙara mata ruwa, Baba ko kasuwa bai leƙa ba. Lokotoro ya gaya masa da ƙaramin yaro ne ya ci abin da ta ci, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. A cikin kwanakin nan Goggo ta ba ni labarin da ba a yi a gidan. Kafin a haifi Baba, Kaka tana da ɗa na fari. A hanyarsu ta tahowa daga kudu ta ba shi sauran naman da ya kwana, ita ba ta ci ba don ya ƙoshi. A hanyar aka binne shi. Tun ran nan ba ta sake barin yaro ya riga ta kai loma ba.

Na dubi bayan hannuna. Ashe duk shekarun nan da nake tsokanarta, kanta take miƙawa a gabanmu kullum safiya, tana dariya. Da aka dawo da ita, a rame, abin da ta fara ce mini shi ne, "Maigida, ka ga abin da kwaɗayi ya ja mini?"

Yau kowane lungu da firigo, da mai ƙwai da mayonez a bakin titi, ƙanena kuma yana can wurin haƙar zinariya a Tchibarakaten yana cin sardin na gwangwani. Ma'aikatan lafiya na cewa kada a ɗanɗana abin da ake shakka, a zubar kawai, kuma gaskiyarsu. Haka nake yi, in kuran ya daɗe bai dawo ba ina zubarwa ko da matata za ta yi ƙorafi. Amma hannuna bai ji wannan magana ba. Duk kwanon da aka ajiye wa yara, kafin in ankara na riga su kai loma. Jiya 'yar autata ta tura baki ta ce, "Baba kwaɗayi gare shi." Na yi dariya, na ce mata haka ne, gado na yi.