Jinyar Balbela

Wata rana da damina, ruwa ya tsare ni a wani ƙauye can ƙasan Haɗeja.

Ta'aziyya na je, da niyyar in yi la'asar in juyo. Gulbi ya kawo, ya shafe hanya. Direbobi suka ce kowa ya nemi wurin kwana, ba mai jefa motarsa a wannan ruwa.

Wanda ya san ni ya san ba na iya zaman ɗaki. Washegari da hantsi na fito, na samu benci a ƙofar kemis ɗin garin. Shi kaɗai ne, kuma nan ce majalisar maza.

Muna zaune sai ga wata tsohuwa rungume da kwando, an rufe shi da tsohon zane. Na ɗauka ƙwai ta kawo talla.

Ta durƙusa, ta yaye zanen.

Kyanwa ce fara, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ido a lumshe, numfashi sama-sama. Tsohuwar ta ce sunanta Balbela, ta daina cin abinci, ko ruwa ta sha sai ta amayar. Ta roƙi mai kemis ya ba ta irin ƙwayar da take sha in zazzaɓi ya kama ta, ta ɓantara mata.

Mai kemis ya ƙi. Ya ce farasitamol ɗin da ke sauke wa mutum zazzaɓi guba ne ga kyanwa, kuma shi bai san maganin dabba ba, ba zai yi mata ƙarya ba. Allah ya saka wa yaron nan da alheri. Wani ne da ya miƙa mata kawai.

To ina likitan dabbobi?

Akwai malamin da ke zuwa ranar kasuwa yana yi wa shanu allura. Shi ma ruwan ya tare shi a can. Na zaro waya in kira wani abokina a Kano ko ya san wani, sabis ya ce bai san zancen ba.

Nan take majalisa ta koma asibiti. Kun san mu, kowa likita ne matuƙar ciwon ba a jikinsa yake ba. Wannan ya ce a ɗura mata manja. Wancan ya ce ruwan kanwa. Wani ya rantse jifa ce aka yi wa tsohuwar, ta faɗa kan kyanwa.

Sai wani magidanci ya tashi, ya shiga shagon kusa, ya fito da buhun taki wanda ba komai a ciki.

Ba mugunta ce ta sa shi ba. Haka aka saba. In kyanwa ta kwanta ciwo, a sa ta a buhu, a kai bayan gari, kada ta mutu a cikin gida. A wurinsa taimako yake yi.

Ya ce, "Iya, tunda ba magani, me ya rage? Kawo in kai miki ita bayan gari, ki huta."

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi. Ko muryarta ba ta ɗaga ba.

Ta ce, "Ɗan nan, da Malam mijina ya kwanta, asibiti cewa suka yi mu koma gida, ba magani. Ban sa shi a buhu ba. Na san kyanwa ba mutum ba ce. Amma rai ne, kuma a hannuna yake."



Ta mayar da zanen, ta ɗauki kwandonta, ta tafi.

Bayan tafiyarta mai kemis yake gaya mini, tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a gidan. 'Ya'ya suna birni. Balbela ce abokiyar hirarta, ita ke tarbarta in ta dawo daga gona.

Da yamma na ce a nuna mini gidan. Mai masaukina ya yi ta dariya, wai a tarihin garinsu ba a taɓa zuwa dubiyar kyanwa ba. Na ce to a fara da ni.

Na same ta a ƙarƙashin rumfa. Ta shimfiɗa wa Balbela zane. Tana tsoma tsumma mai tsabta a ruwa, tana ɗiga mata a gefen baki kaɗan-kaɗan. In ƙuda ya sauka, ta kore shi da mafici. In ta ga ta daɗe a gefe ɗaya, ta juya ta a hankali. Duk tana yi tana mata magana, "Sannu Balbela. Sannu, kin ji?"

Gonarta na can ciyawa na cin ta. Ba ta je ba.

Ni ba ma'abocin kyanwa ba ne, amma ranar tausayi ya kama ni sosai.

Da ruwa ya janye, motoci suka fara lodi, na ruga gidanta. Na riga na yi magana da direba, za mu tafi da ita da kyanwar har Haɗeja a nemi likita.

Na tarar tana shara.

Balbela ta mutu bayan sallar asuba. Tsohuwar ta haƙa rami a bayan rumbu ta rufe ta.

Na ce da hanya ta buɗe da wuri, da wataƙila an dace.

Ta jingine tsintsiya. Idonta ya kawo ruwa, amma fuskarta a sake take.

Ta ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ni abin da na ji tsoro, kada ta mutu a juji tana nemana. Kanta na kan cinyata ta cika."

Darasi:

In dabbarka ba ta da lafiya, nemi likitanta iyakar ƙoƙarinka, kuma kada ka ɗura mata maganin mutane don majalisa ta ce.

In kuwa likita ya gagara, jinya ba ta gagara ba. Ruwa, inuwa, hannu mai taushi, da kada a tafi a bar ta ita kaɗai. Rashin magani ba hujjar yasarwa ba ne, ga dabba ko ga mutum.

Kana da wani da ke kiwon kyanwa, ko wanda ke jinyar da ya fara gajiya da ita? Tura masa wannan, ya karanta yau.