Hular Likita Hamidu

Ku da kuka san Likita Hamidu mai gashin ƙashi, wane ne bai taɓa ɗauko masa hula daga ƙasa ba? Kana shiga ɗakinsa nan unguwar Gurda a garin Sabha, kafin ka gama sallama hula ta faɗo gabanka. "Ayya, miƙo mini." Kana duƙawa yana kallon bayanka. Ashe awon ke nan.

Lokacin da na je, na daɗe ina salla a zaune. Tuƙin tuwon leburori ya cinye mini baya, goshina ya manta ƙasa, kuma ban so in mutu a haka ba. Hula ta faɗi. Na dube ta, na dube shi.

"Ɗana, na haife ka. Ɗauki abinka."

"An gama rabin awo, Inna," in ji shi. "Tsoronki ya fi ciwon yawa."

Ni? Ni da na keto hamada daga Agadas bisa kayan mota?

Ya sa na taka zuwa ƙofa na dawo. Ya juya takalmina ya duba gefen da ya cinye. Ya tambaya ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kuɓuce mini. Na ce ya ji kunya, ya ce ba a koya masa ita a makarantar lakkwal ba. Sai ya ɗora yatsa ɗaya a ƙuguna, daidai inda ciwon ke kwana, wurin da ban nuna masa ba. Sai da na yi salati. Ban yi boko ba, amma in na ga mai sani ina gane shi.

"To, yi mini allura."

"Ba ni da ita. Ki kwanta ki riƙa jawo gwiwa zuwa ƙirji, safe da yamma, kuma ki yi tafiya."

Na ce tsohuwa kamata ba ta harba ƙafa kamar jinjiri. Washegari sai ga shi a rumfata. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya saɓa 'yar kujerata ta tsugunno ya tafi da ita. Magina masu cin tuwona kuwa ya sa suka ɗaga murhun da bulo har ƙugu. "Tukunya ta taso wurinki," in ji shi, "ke kin gama zuwa wurinta."

Bai tsaya nan ba. Ya ce kullum in kai masa tuwo da ƙafata, shi ba ya cin tuwon aike. Mutumin da ko unguwar Jadid da ƙafa yake zuwa cikin ranar Sabha, wa zai ja da shi? Ina tafe ina zaginsa a zuci. Jan gwiwar ma na fara, a ɓoye.

Ran nan ina la'asar sai na ji ɗumin tabarma a goshina. Na jima ban ɗago ba.

Da na gaya masa, "Madalla" kawai ya ce, ya yar da hula.

"Har gobe ba na ɗauka."

"Za ki ɗauka, Inna."

Ranar zaman makokinsa, matarsa tana sauke rigarsa daga ƙusa, hular ta zamo ƙasa. Kafin in yi tunani na lanƙwasa gwiwa yadda ya koya mini, na ɗauko ta. Mai taurin kan nan, sai da ya ci nasara a kaina.

Allah ya jiƙanka, Hamidu, ya yalwata maka makwanci. Goshina a ƙasa nake roƙa maka.