Filin da ke Bayan Bututun Hayaƙi

Shekaruna sun haura saba'in, kuma na lura kwanan nan nakan gauraya abin da ya faru a wata shekara da na wata. Abin da zan faɗa, haka nake jin ya faru, amma ba zan rantse a kai ba.

Lokacin da nake karatun injiniya a Manchester, ina haya a wani ɗan ɗaki a Withington, muna da al'ada. Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah mukan hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham mu buga ƙwallo da 'yan'uwanmu na can. Mu ɗalibai ne daga Kano da Zariya da Katsina. Su kuwa yawancinsu 'yan zangon Kumasi ne masu aiki a masana'antu. Da rigunan sanyi muke yin raga. Babu alƙalin wasa, babu agogo. In la'asar ta yi, hutun rabin lokaci ya yi ke nan. Mu yi alwala da ruwan gora mai daskarar da yatsu, mu ja sahu a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, Turawa masu yawo da karnuka su tsaya daga nesa suna kallo. In an tashi, matan 'yan Kumasin su sauke mana tukunyar shinkafa da wake da baƙin yajin nan nasu.

Mai tsaron ragarsu ya girme ni da kaɗan, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi kuma tun ranar farko ya raɗa mini ɗan boko, har yau bai daina ba, ko da yake ni ma na yi jikoki. Wasan ya mutu a hankali, ban san takamaiman yaushe ba. Zumuncinmu da Yaya dai bai mutu ba.

Bara ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Watan jiya 'yarsa ta kira ni, da Hausarta mai ƙamshin Birmingham.

"Kawu, Baba ya dame mu da maganar wani pitch, filin ƙwallonku na da, a Perry Barr. GP, likitansa, ya ce mu riƙa fita da shi, shi kuma can kawai yake so. Bayan babbar Sallah za mu mayar da shi Kumasi, for good. Kana da address ɗin?"

Na ce mata ai ko ido rufe zan kai su. Sai da na ajiye wayar na farga. Ban taɓa sanin sunan titin ba. Ina jin babu wanda ya taɓa sani a cikinmu. Kwatance muke yi irin na gida: ka sauka daga bas a ƙarƙashin gada, ka wuce shagon Ba'indiye mai sayar da doya, ka shiga lungu, za ka hango dogon bututun hayaƙi na jan bulo, filin yana bayansa. Sabon zuwa ma haka muke gaya masa, kuma ba wanda ya taɓa ɓata.

Na je. Muka ɗauko Yaya daga asibitin Edgbaston bayan ya ga likita, 'yarsa tana tuƙi, ni a gaba, kekensa na marasa lafiya a but ɗin motar. Da muka isa Perry Barr na nemi gada na rasa, an rushe ta. Babu shagon doya. Inda nake zaton lungun yake, dogayen gidajen ɗalibai ne. Na duba sama ta kowace kusurwa, babu bututu.

"Left ko right, Kawu?"

"Mu gwada dama. Ko kuwa... a'a, dama ɗin dai."

Ta buɗe taswira a wayarta, ta nuna mini korayen wurare da yawa, ta ce in zaɓa. Na zaɓi ɗaya. Muka fito da Yaya, muka tura shi har bakin ciyawa. Ya daɗe yana kallo. Maganarsa yanzu a hankali take fitowa, ta gefen baki.

"Ba nan ba ne. Namu yana da gangare. Kullum ku kuke zaɓar gangaren, kuma kullum ku sha kashi."

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Sau ɗaya mun ci ku."

"Ranar ina mura."

'Yarsa ta yi dariya, ni ma na yi. Sai ya kamo hannun rigata da hannunsa mai lafiya.

"Ɗan boko, an yi wurin nan dai ko? Ba ciwon nan ne ya ƙirƙiro mini shi ba?"

Na ce masa an yi, na sha faɗuwa a cikin taɓonsa. Ya gyaɗa kai, amma bai saki rigar ba sai da aka fara yayyafi.

Tun da na dawo Manchester nake kiran waɗanda suka rage. Ba su da yawa. Wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wani ya ce filin yana kusa da inda ake tseren karnuka. Wani ya ce a'a, a bakin rafi yake, har ƙwallo ta taɓa faɗawa ciki. Ni ban tuna rafi ba. Wani ma ya ce bututun a wata unguwa yake, na haɗa wurare biyu ne. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don kada in sake kai bawan Allah inda ba nan ba.

Saboda haka nake roƙon duk wanda ya buga wasan nan, ko ya zo kallo, ko mahaifiyarsa ce ta dafa shinkafar, ya gyara mini inda na kuskure. In gada ce ba daidai ba, ko shagon, ko unguwar ɗungurungum, a faɗa mini, ba zan ji haushi ba. In ma an yi gini a kansa, a nuna mini ginin. Yaya ya ce ya yarda ya zauna cikin mota ya kalli bango, muddin wurin ne. A dai taimaka saƙon ya iso kafin babbar Sallah.